Sawun taya a ƙofar gida

Jiya na sauya wa ƙaramar taraktarmu birki a ƙofar gida, warin baƙin mai ya bugi hancina, sai Baffa ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Birki biyu gare ta, na hagu da na dama, kuma Baffa bai taɓa yarda da abin da ƙafa ta ji ba. In an gama gyara sai ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya share da tsintsiya, ya ce in taho in taka. Sannan ya tsuguna yana auna sawun tayoyin da tafin hannunsa.

Wata rana ina sauri zan kai gero Ringim, ya ɗago ya ce, "Ɗana, na hagu ya fi kamawa. Da wannan lodin, rami za ta kai ka." Na yi tsaki ciki-ciki. Shi kuwa ya naɗe hannun riga, ya sake shiga ƙarƙashinta.

Jiya ni na share, ni na auna. Sawun ya zo daidai, amma babu mai ce mini, "To, Allah ya tsare."

Allah ya sanyaya makwancinka, Baffa.