Lallen Goggo da Dutsen Alwala

Da hantsin wata Asabar, a bazarar shekarar da na shiga aji biyar, kakata Goggo Dije ta ɗora ƙullin kayanta a kan babur za ta Tudun Wada jinyar ƴarta da ta haihu. Har ta hau sai ta sauko, ta ja hannuna zuwa bayan ɗakinta. Can take jera shuke-shukenta a fasassun tukwane: na'ana'a, ɗoɗɗoya, barkono, sai wani ɗan lalle a tsohuwar randa. Reshensa ta karyo a gidansu na Doguwa ranar da aka binne mahaifiyarta. "Hadiza, ga amana," ta ce. "Sauran in sun mutu a sake shukawa, wannan kuwa ba shi da na biyu."

Duk cikin jikokinta a gidanmu na Ƙofa ni ta zaɓa, kuma ba a banza ba. Tun ina ƙarama take rufe mini ido ta murza ganye a hancina, in faɗi sunansa. Yayyena kan kira ɗoɗɗoya na'ana'a, ni kam ban taɓa kuskurewa ba, har suna yi mini kirari da akuyar Goggo.

Ba a daɗe da tafiyarta ba bakin ganyen lallen ya fara komawa ruwan ƙasa, kamar an lasa masa wuta. Hankalina ya tashi. Kowa a gidan ya ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Ni kuwa na tuna maganarta: "Kada ki tambayi ganye, tambayi ƙasa." Na tura yatsa a randar, sai na ji caɓi har da wari. Ashe dutsen da mazan gidan ke tsugunawa su yi alwala yana jikin randar ne, kuma tun da mai ita ta tafi, Baffa Sule, yayan mahaifina, ya sa kowa ya riƙa juye ragowar butarsa a ciki, wai shukar ta samu albarka. Goggo ce daman ke hana su.

Yaya ƴar ƙanƙanuwa kamata za ta ce wa Baffa ya daina? Randar kuma ta fi ƙarfina. Sai na mirgina dutsen da kyar zuwa gindin ayaba, wadda ba ta ƙin ruwa. Na sa tsinke na buɗe hudar gindin randar da laka ta toshe, na daina ba lallen ruwa sai ƙasar ta bushe tsawon yatsa, sannan in shayar da shi sosai da sassafe. Da Baffa ya tambayi wanda ya taɓa dutsen, na durƙusa na yi bayani. Ya yi dariya ya ce, "To, Malama, mun bi."

Ranar da Goggo ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi randar. Ta dubi sababbin ganyen kore shar, ta tura yatsa a ƙasa, ta juyo ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ranar ko makarantarmu ba ta ishe ni fahariya ba.

Yau a bene nake a Kano, shukokina a robobi, ina ba su ruwan famfo, kuma har yanzu sai na tura yatsa tukuna. Goggo ba ta ga aurena ba. Amma lallen da aka ƙunsa mini, daga bishiyar nan aka tsinko shi.