Ranar Da Na Ƙi Kauce Wa Jiniya a Gyadi-Gyadi

Edita, lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ni direban bas ne, ina jigila tsakanin Tarauni da cikin gari, ga ƙuruciya ga zafin kai. A zamanin soja an taɓa zane ni da bulala a gaban fasinjojina don ban kauce wa jiniya da wuri ba, abin kuma bai bar zuciyata ba. Da siyasa ta dawo sai muka riƙa faɗa a tasha cewa yanzu kowa daidai yake a kan titi, mai kaki ma sai ya bi layi.

Wata rana da hantsi, a cunkoson Gyadi-Gyadi, sai ga a-kori-kurar 'yan sanda ta biyo hannun da ba nata ba, tana jiniya, ta yo kaina. Akwai wurin da zan raɓe, amma na taka birki, na kashe mota, na harɗe hannu. Fasinjoji suka hau tafi, wani yana cewa ai matar oga za a kai kasuwa. Direban ya sauko, na shirya wa mari, sai na ga dattijo ne, ya kama ƙofata yana haɗa ni da Allah, wai mara lafiya ya ɗauko. Na ce masa kullum haka suke cewa, ya koma ya bi hannunsa. Kafin mu gama musu motoci sun cushe ta ko'ina, ko na so matsawa babu hali.

Ihun wani mutum ne ya sa na sauka na leƙa. Mace ce kwance a bayan motar, risho ya fashe da ita, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, mijinta na tallabe da kanta yana kiran sunanta. Ni da 'yan acaɓa muka buɗe hanya, amma lokaci ya riga ya tafi. Washegari na ji a tasha ta rasu, kuma mijin wani ɗan kudu ne mai gyaran rediyo a Tarauni.

Na nemi gidan na je gaisuwa. Bai gane ni ba. Ya ba ni kujera, ya yi mini godiya, ya ce, "Ɗan'uwa, ɗan sandan ya yi ƙoƙari. Wani direba ne ya hana mu hanya." Na ce Allah ya ba shi haƙuri, na tashi na fita. Har ya bar Kano ban iya gaya masa ba.

Na san rai na hannun Allah, kuma ban ce kowace jiniya gaskiya ce ba. Masu wasa da ita su suka koya mana ƙin yarda, su ma su ji tsoron Allah. Amma 'yan'uwana direbobi, daga kan sitiyari ba ka ganin wanda ke kwance a baya. Ka kauce tukuna, ƙorafi ya biyo baya. In ƙarya suka yi, alhakin na wuyansu. In kuwa gaskiya ce, kai za ka riƙa kwana da shi, yadda nake kwana da nawa.