Fastocin Kawu Sale da Aka Ci Shinkafa a Kai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Na so in yi wannan waiwaye cikin natsuwa, amma abin da ya faru ranar Talata ya hana ni.

Kawu marubucin allunan shaguna ne a unguwar Utaibiyya, da buroshi da fenti. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe cike da tsofaffin fastocin wasannin kiɗan Turawa, irin na da, masu launin da ke tsone ido: ja a jikin kore, haruffa suna lanƙwasa kamar hayaƙin turaren wuta. A kasuwar gwanjo ta Jidda ya riƙa tsinto su tun yana saurayi. Bai taɓa jin kiɗan ba, bai kuma nema ba. Masu zanen su ne mutanensa. Yakan ce mini, "Asma'u, dubi yadda layin nan ya kwanta. Wannan bahago ne, wallahi. Wancan kuwa matsoraci, rawaya yake tsoro." Abin da ke ci masa rai shi ne sunan makaɗa ɓaro-ɓaro a sama, na mai zane kuwa a kusurwa, ƙanƙani kamar tururuwa.

Babban ɗansa, Yaya Majid, ƙazanta yake kiransu, saboda fuskokin mata da gashi a waje.

Ranar ƙarshe ta zaman makoki mutane suka cika gida, aka kawo manyan faranta na shinkafa da nama, sai sufra ta ƙare, ledar nan da muke shimfiɗawa a ƙasa a ci abinci a kai. Ga shago a bakin ƙofa inda za a sayo wata. Amma Yaya Majid ya janyo akwatin, ya kikkife fastocin a falo, ya ce yau dai su yi amfani. Da maza suka tashi muka shiga kwasar faranta. Maiƙo ya ratsa takardun har launin ya ɓullo ta baya, ga ƙasusuwa, ga ɓawon lemo, ga shaidar yatsun da aka goge. Aka dunƙule su aka kai shara. Guda ɗaya na zare na cusa a cikin abayata. Har yau ba na iya cin shinkafar makoki.

Wasu kaɗan sun tsira, don Kawu ya ba ni su kyauta kafin ciwo ya kwantar da shi, a gaban matarsa Inna Hauwa.

To zamani ya juya. Yanzu ana wasannin kiɗa a Jidda da Riyad, shagunan gahawa kuma suna rataye irin fastocin nan cikin gilashi. Yaya Majid ya ga a waya cewa ana rububinsu. Ranar Talata bayan la'asar, mahaifiyata ba ta gida, ya buga ƙofarmu a unguwar Shisha.

"Ke, ina kayan ubana?"

"Yaya, kyauta ce. Inna Hauwa shaida."

"Halas, ya isa! Ban zo shari'a ba. Fito da su."

Ya kifar da katifata, ya zazzage durowa. Da na tsaya a gaban kabad ya ɗaga hannu. Bai mare ni ba, amma har yanzu ina ganin hannun. Ya kwashe duka. Mai maiƙon ce kawai ya ɗaga, ya shinshina, ya yar. "Wannan ta lalace, ba mai saye." Kamar ba shi ya lalata ta ba.

Ina ta tunanin me Kawu zai ce da ya ga yau. Ba na jin kiɗan zai dame shi. Zai shiga shagon gahawa ya kai hancinsa kusurwar gilashi yana neman sunan mai zane, ya tarar ba wanda ya taɓa dubawa. Sannan ya ji ɗan da ya kira su ƙazanta yana kiransu gado. Da tsoron Allah ne ya sa Yaya Majid ya ƙi su, da na girmama shi, da kuma yau bai taɓa su ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri saboda zumunci. Inna Hauwa kuka kawai ta yi. Ni ma ban kai ƙara ko'ina ba, tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi.

Me ya rage na Kawu? Allunansa na Utaibiyya an cire kusan duka, an sa masu lantarki. Akwatin, takalma ake zubawa ciki. Saura fasta ɗaya mai tabon maiƙo, na manna ta a bangon ɗakina, fuskarta a waje.

Sai kuma hannuna. Lalle nake yi wa amare, kuma a gaban akwatin nan na koyi lanƙwasa layi. Jiya na je aiki ina fargabar in ɓata hannun amarya. Layin farko ya karkace, na goge. Na tuna bahagon mai zanen nan na fastocin Kawu, na kwantar da na biyu yadda yake kwantar da nasa, ya tafi sumul. Amarya ta tambaye ni inda na samo wannan zane. Na ce wajen kawuna, shi kuma wajen wani mutum da bai taɓa gani ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale. Wannan kam Yaya Majid sai dai ya zo ya kalla.