Kafin Maza Su Tafi Ci-rani

Shekarar Adda Bilki hamsin da shida. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu duk sun yi aure. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a Gidan Ɗan'inna, wani ƙauye da ke bayan Kiyawa, kuma da wannan sana'a take riƙe kanta. Sai dai in baƙo ya tambayi gidanta, ba a ce masa gidan mai ƙuli, gidan Adda Mai Izini ake nuna masa.

Duk shekara, da an yanke gero an zuba a rumbu, mazan garin sukan ɗaure kaya su tafi ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Tsakanin gama kaka da tashin motocin nan Adda ba ta zama. Takan bar mai a kan wuta ta ce wa maƙwabciya ta duba mata, ta ɗora farantin ƙuli a ka, ta nufi inda maza suke.

Asalin abin ya daɗe. Tana da ƙanwa, Hamida, da ke aure a wani ƙauye ta wajen Ringim. Naƙuda ta zo wa Hamida mijinta yana Fatakwal, ta yi tsanani, jini ya ɓalle. Wani maƙwabci ya kawo motarsa har ƙofar gida. Aka yi ta neman mijin a waya ba a same shi ba. Hamida da bakinta ta ce ba za ta fita ba, maigida bai ba ta izini ba. Kafin Adda ta iso an riga an lulluɓe ta. Da mijin ya dawo, a zaure ya zauna yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa da wani ya taɓa tambayarsa, wallahi da ya ce ta je. Wannan maganar ce ta tsaya wa Adda a rai. Babu wanda ya hana Hamida fita. Tambaya ce ba a yi ba.

Da kaka ta zagayo, sai Adda ta je majalisar da ke gindin darbejiya kusa da masallaci, wurin da mace ba ta tsayawa sai dai ta rusuna ta wuce. Farantin ƙuli yana kanta. Ta sauke, ta durƙusa, ta gaishe su. Sannan ta kira sunan wani magidanci da iyalinsa ke da juna biyu, ta roƙe shi ya faɗa a gaban jama'a cewa in abu ya taso ba ya nan, a kai ta asibiti ba sai an jira shi ba. Kafin la'asar an kai ƙararta wajen mai unguwa, wai tana shiga sha'anin gidajen mutane. Babban ɗanta Misbahu ya daina cin abincin gidanta na wani lokaci, ya ce ta zubar masa da mutunci a gari. Liman ne ya kashe maganar, ya ce shi bai ga laifi ba don miji ya ba da izini tun buƙata ba ta zo ba.

Yanzu abin ya zama na raha. Da an hango ta sai wani ya ɗaga murya: "Jama'a, ga Adda nan, wanda ya san iyalinsa ta yi nauyi ya gyara zama!" Malam Abdurrahim, wani dattijo taubashinta, ba ya barin ta ta wuce.

"Adda, ni ma na ba da nawa izinin, a shaida."

"Kai Malam, naka ai sai dai na zuwa cire haƙori."

A bara ne Adda ta ga inda dabararta ta gaza. Wata mata da aka karɓar wa izini a majalisa ta ƙi shiga mota, ta ce wa Adda, "Ke ya faɗa wa, ni ban ji ba." Sai da aka nemo shaidu daga gona sannan ta yarda, da ƙyar aka kai ta da rai. Tun daga nan Adda ta ce dole matar ta ji da kunnenta, in so samu ne ma ita za ta tambaya da bakinta. Ga gwiwa ta fara damun ta. Ba kullum za ta iya bin maza lungu-lungu ba.

Wanda ya fi wahalar da ita bana shi ne Barau, wani matashi da amaryarsa Fiddausi ke da cikin fari. Ƙafafun yarinyar sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ga ciwon kai da ba ya sauka. Barau ba mugu ba ne. Kunya ce. A garin nan namiji ba ya ambaton cikin fari a gaban manya, yakan yi kamar bai san da shi ba har a yi suna. Adda ta same shi a majalisa, ya ce alwala zai yi, bai dawo ba. Ta bi shi gona yana ɗaure harawa, ya hango ta ya tsallake ta gonar maƙwabci. Ta tare shi wajen mai shayi da safe, ya tashi ya bar burodinsa a kan benci. Mai shayin ya ce, "Adda, kina kore mini masu ciniki." Ta ce ya ajiye masa burodin, zai dawo.

Ranar da zai tafi, tana suyar ƙuli aka ce mata ɗan acaɓa yana ƙofar gidansu Barau, har an ɗaure buhu. Ta sauke kasko ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Ba ta tsaya wajen Barau ba, ta wuce shi ta shige cikin gida.

Fiddausi tana zaune a kan turmi ta miƙe ƙafafu. Surukarta, Inna Ikilima, tana tankaɗe a gefe. Ta san abin da ya kawo Adda.

"Bilki, cikin fari ai haka yake. Mu da muka haifi namu a bayan ɗaki fa?"

"Allah ne ya tsare ki, Yaya Ikilima. Ita ma tsarin muke nema mata." Ta juya wajen yarinyar. "Tashi, mijinki zai tafi."

"Adda, wallahi ba zan iya ba. Inna tana ji."

"To ta ji mana. Ita ma shaida ce."

"Ke dai ki faɗa masa, don Allah."

"Ni ya guje mini har a gona. Kuma ranar da abin zai zo, ba ni za a ce wa tashi ki shiga mota ba, ke za a ce wa."

"To me zan ce?"

"Abin da kike tsoro, shi za ki ce."

A waje aka ji babur ya tashi. Fiddausi ta dubi surukarta. Inna Ikilima ta ci gaba da tankaɗe. Yarinyar ta dafa bango ta miƙe, ta taka a hankali ba takalmi har bakin zaure, ta tsaya a bayan asabari.

"Malam."

Ɗan acaɓan ne ya fara ji, ya kashe babur.

"Malam, in abin ya zo ba ka nan, in je asibiti?"

Barau ya sunkuyar da kai yana murza igiyar buhu. Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

Daga tsakar gida Adda ta ɗaga murya: "Mu nan ba mu ji ba!"

"Na ce ki je! Ko ina nan ko ba na nan, ki je. Inna, kin dai ji." Ya dafa kafaɗar ɗan acaɓan, wanda ke ta dariya. "Kai kuma ja mu tafi, mota za ta cika."

Fiddausi ta dawo ta zauna a kan turminta tana haki kamar wadda ta yi dakan gero. Adda ba ta yaba mata ba. Ta ce ta nemi silifas babba, ranar awo tare za su tafi.

Talatar da ta wuce suka je awo Kiyawa su uku, har da Inna Ikilima. Malamar asibiti ta auna jinin Fiddausi, ta sake aunawa, ta ce ya hau sosai, yau ɗin nan take so a wuce da ita babban asibiti a Dutse a kwantar da ita. Malamar ta saba da yadda irin wannan magana take ƙarewa, don haka ta tambaya ko sai sun koma gida an nemi maigida tukuna. Adda ta buɗe baki, sai ta fasa, ta dubi yarinyar.

"Na riga na tambaya," in ji Fiddausi. "Ya ce in je."

Adda Bilki ta fita bakin titi tana ɗingishi ta tsayar da adaidaita. Ta sa Inna Ikilima a gefe guda, Fiddausi a tsakiya, ita ta matsa a ɗaya gefen, ta ce wa direban Dutse za su, kuma ya bi ramukan hanya a hankali.