Sanyi Mai Ƙanshin Kafur

Shekarar da Baba ya zo New York neman magani, motar da nake hawa ta girme ni. Doguwa ce, ruwan ƙasa, irin ta Amurkawan da, kujerar gabanta guda ɗaya shimfiɗe kamar gado. A hannun wani dattijo ɗan zangon Kumasi na saye ta, wanda muke sallar Juma'a tare a masallacin Mount Hope, lokacin da ya tattara nasa ya nasa zai koma gida. Matata tana kiranta kwalekwale. Ni kuwa ina sonta, kuma in na so abu sai dai a yi haƙuri da ni.

Sau uku a mako nake kai Baba wankin ƙoda. Tun ranar da ya sauka zancensa ɗaya ne, in mayar da shi gida. Likita ya gaya mini a fili cewa in aka daina wankin, makonni kaɗan ne, ƙauyenmu kuma ya yi nisa da duk inda ake yinsa. Saboda haka na zama mai toshe ƙofofi. In ya ce abinci, a tuƙa masa tuwo. In ya ce kaɗaici, in kwaso masa tsofaffin masallaci. Ba na son ya sami hujja ko ɗaya.

Sai zafin watan Yuli ya shigo. Motar ba ta da esi mai sanyaya iska, tun daga masana'anta ba a yi ta da shi ba. Wata Laraba mun fito daga asibiti, muka maƙale a cunkoson titin Grand Concourse, na waiga na ga kan Baba ya langaɓe a jikin ƙofa. Da ya farfaɗo ya kurɓi ruwa, sai ya ce, “In dai zafi zan sha, ai akwai shi a gida.” Washegari na ari motar wani abokin aikina, na kai tawa gareji.

Bakaniken mutumin Maraɗi ne, garejinsa yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ya zagaya motar yana tsaki, sannan ya lissafa mini aikin. Zai ɗaura kwamfireso a jikin inji, ya sa wani ƙaramin lagireto a gaba, ya huda ya zura tiyo, akwatin da ke hura sanyin kuma ya rataye shi a ƙasan aljihun gaban mota. Kwana uku bayan haka ya kira ni da tsakar rana.

“Malam, taho ka gani da idonka. Ni dai ban taɓa shi ba, wallahi.”

Ya cire aljihun, a bayansa kuwa akwai wani ƙunshi a cikin leda, an cusa shi tsakanin wayoyi. Na jawo na buɗe. Farin yadi ne, an riga an yanka shi kashi-kashi, an ninke da kyau, da ƙulli-ƙullin kafur a tsakani. A bakin ledar an rubuta sunan dattijon da ajami. Na san tsofaffinmu kan sayo likkafaninsu a Makka, su tsoma shi a zamzam, su ajiye a ƙasan akwati. Amma ban taɓa jin wanda ya ajiye nasa a mota ba. Shekara biyu ke nan ina yawo da shi a gaban gwiwar duk wanda na ɗauka.

“Nan klim ɗin za ta zamna,” in ji bakaniken, yana nufin esin, yana tsaye can nesa. “Ɗauke kayanka.”

Ban iya jefar da shi ba. Wa ke jefa likkafani a shara? Ban kuma iya shiga da shi gidan da marar lafiya yake kwance ba. Sai na tura shi ƙarƙashin kujera, ɓangaren mai zaman banza, da niyyar in kira mai shi. Ban kira ba. Ko tunawa da shi ba na son yi.

Ranar da na karɓo motar na ɗauki Baba da hantsi zuwa asibiti. Na ɗaga gilasai duka, abin da ban taɓa yi ba da bazara, na murɗa maɓalli. Sanyi ya fito har sai da na yi murmushi. Amma shirun ya dame ni. Ga mutane a bakin titi suna ta motsa baki, ga motar kwana-kwana tana wucewa, mu kuma kamar an rufe mu a cikin tulu. Kafin mu kai danja ta biyu na ji ƙanshin. Kaɗan ya fara, sannan ya cika motar, mai sanyi, mai shiga har maƙogwaro.

Baba ya shaƙa a hankali. Shekara da shekaru shi ne na'ibin liman a ƙauyenmu, kuma shi ake kira in an yi rasuwa.

“Wa aka ɗauka a motar nan?”

“Babu kowa, Baba. Gas ɗin ne, haka yake wari in sabo ne.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “To.” Muka je asibiti muka dawo.

Daga baya bakaniken ya bayyana mini cewa akwatin sanyin daga ƙasan motar yake zuƙar iska, daidai inda na tura ƙunshin. Ashe da hannuna na haɗa abin. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Da la'asar ɗin ranar da muka ji ƙanshin na kira dattijon a Kumasi. Bayan gaisuwa na ce ya yi mantuwa a mota.

“Ba mantuwa ba ne, ɗana,” ya ce da Hausarsu ta zango. “Mota nan ya daɗe yana ɗauke da shi. Mutum ba ya san inda zai faɗi. Ni na iso gida, ina da wani. Bar shi nan, mai shi zai zo.”

Na kashe waya ban yi masa sallama ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro. Na sauka da gudu zuwa inda na ajiye motar, na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin kujera. Wayam. Na haska da waya, na duba baya, na zazzage but. Babu ƙunshi, sai ƙanshin kawai. Motar a kulle na same ta, mukulli kuma yana aljihuna. Kwana biyu ban gaya wa kowa ba, ko matata. In na shiga motar sai in riƙa duba madubi, ban san abin da nake tsammanin gani a kujerar baya ba.

A rana ta uku na dawo daga aiki kafin magariba, gidan shiru, matata ta fita cefane. Ƙofar ɗakin Baba a ɗan buɗe take, kuma tun daga falo hancina ya gaya mini. Na tura. Farin yadin yana shimfiɗe a ƙasa daga bango zuwa bakin gado. Baba yana kwance a kai, miƙe, ido rufe, hannuwa a gefe.

Ban san irin ƙarar da na yi ba. Ya buɗe ido.

“Kai, kada ka tara mana jama'a. Gwadawa nake.”

Ashe ran nan, lokacin da na shiga asibiti ɗauko masa keken marasa lafiya ya sunkuya ya laluba, ya sa shi cikin babbar rigarsa. Na zube a gabansa ina ta zuba. Na ce na wani ne, na ce zan mayar wa mai shi, na ce likita ya ce ana samun sauƙi. Ya bar ni har na gaji.

“Ya yi mini daidai, har da rara,” ya ce. “Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya yi maka albarka. Wankin jibi shi ne na ƙarshe. Ka nemo mini tikiti, ba na son baƙi su wanke ni.”

Na ɗaga shi ya zauna a bakin gado yana haki. Ya miƙa hannu ya jawo gefen yadin, ya karkaɗe shi, sannan ya nuna mini ɗaya gefen da haɓa.

“Kama mini can mu ninke, kada ya yi datti.”

Na kama.