Kalmar Da Na Faɗa Maka A Ogba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Saminu mai albasa. Ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta kasuwar Mile 12 da ke Legas, kafin 'yan dako su kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa a Agege.

Yaya Saminu, kai ka kawo wasan ces unguwarmu. Shekara biyu ka yi kana bin dattawa ɗaya bayan ɗaya, kana nuna musu cewa darar Bature ce kawai, ba caca ba ce, kafin su bar mu mu kafa benci a bayan masallaci. Kai ka koya mini yadda doki yake tsalle. Da na zo Legas ko tabarma ba ni da ita, wata huɗu ina kwana a ɗakinka, ba ka taɓa tambayata ranar tashi ba.

Amma wasanka akwai ban haushi, ko yau ba zan ɓoye ba. Da an fara sai ka tura soja ka bayar kyauta, wai don hanya ta buɗe wa manya. Gambit kake ce masa. In ya yi kyau, kafin shayi ya huce ka tashi mutum. In ya ɓaci, sarkinka ya tsaya tsirara a fili, kai kuma kana ta dariya. Na sha ce maka ganganci ne, kai kuma ka ce, "Hadi, in wani bai ba da ɗaya ba, sai mu wuni muna kallon juna."

A watan Oktoba aka gayyace mu wata 'yar gasa a Ogba, mu huɗu, karo na farko da aka tuna da bencinmu. Tun a cikin motar haya, danfo, na sa ka yi mini alkawari ba za ka ba da sojan nan ba. Wasanka ne na ƙarshe, ko kunnen doki ka yi mun wuce. A motsi na biyu na ga hannunka ya tura shi. Motsi goma sha tara aka cinye ka.

A gaban mutanenmu da Yarabawan da suka gayyace mu na ce, "Ashe dattawa sun yi gaskiya. Kai ɗan caca ne." Na san inda zai yi maka ciwo, shi ya sa na zaɓe shi. Ba ka rama ba. Ka tattara kayan wasa ka ce, "Allah ya huci zuciyarka."

Wata uku ban taka bencin ba. Sau biyu ka aiko a kira ni. Ranar wata Juma'a na hango ka tafe, na ratse lungu. Kullum sai in ce gobe.

A wajen jana'iza liman ya ce duk wanda Saminu ya ɓata wa ya yafe masa. Kowa ya ce, "Mun yafe." Ni na kasa buɗe baki, don ba wanda ya tambayi waɗanda suka ɓata maka. Ranar addu'ar uku na durƙusa gaban matarka, Yaya Furera, na faɗa mata komai. Ta ce, "Hadi, da haƙƙina ne, da na yafe tun kafin ka zauna. Amma ba ni ka faɗa wa ba, shi kuma bai taɓa ambata mini ba." Tun ranar ban san inda zan kai wannan nauyi ba, kuma na fid da rai zai sauka a duniya.

Allah ya jiƙanka, Yaya Saminu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Furera, da 'ya'yanka Mahbub da Nuriyya, da 'yan kasuwar albasa. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuwa, wanda ya karanta wannan ya roƙa mini abu ɗaya: ranar da za mu haɗu da Yaya Saminu, Allah ya sa ya tsaya ya saurare ni.