Ranar da Yotamu Bai Ji Carki Ba

"Ka ce bai ji ba?"

"Bai ji ba, ɗan'uwa."

"Kai ina ka sani? Kai da aka bari a gindin mota kana gyangyaɗi?"

"To tambayi Maman Dalitso, ai da ita aka shiga."

"Carki fa! Carki ya tashi a gefensa, a ce Yotamu bai ji ba? Gara ka ce min ruwa ya ci kada a kogi."

"Rage murya, ga shi can zaune."

"In rage me? Ba kai ka ce ba ya ji ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Ina bayan rumfar fiɗa ina wanke jini daga takalmana na ji wannan hira tsakanin direbanmu da wani ma'aikacin sansaninmu na farauta. Ni ce Maman Dalitso, malamar daji, wadda hukuma ke haɗawa da mafarauta baƙi don a tabbata dabbar da ke cikin takarda ita aka harba. Shekara goma sha ɗaya ina tafiya a bayan Yotamu Chulu a kwarin Luangwa, ban taɓa lura ba.

A wani ƙauye bakin kogi aka haife shi. Ubansa maharbi ne da tsohuwar bindiga mai cin albarushi, shi ma haka ya tashi, yana satar shiga gandun daji. Wani Bature mai kai baƙi farauta ya taɓa bin sawunsa kwana uku bai kama shi ba. A rana ta huɗu ya tarar da shi zaune a inuwar motarsa yana gasa kifi. Maimakon ya miƙa shi ga hukuma, sai ya ba shi aiki. Shekara talatin da huɗu ke nan. Baturen ya rasu, ɗansa Bwana Dirk, wato maigida Dirk, ya gaji sansanin, ya gaji Yotamu.

Aikinmu na wata shida ne. Da damina baƙar ƙasar kwarin na haɗiye mota har gindin ƙofa, sai a kwance tantuna kowa ya koma gona. In ta bushe baƙi su fara zuwa: ƙaramin jirgi ya sauke su a filin ƙasa, a ƙetare da su kogi a kan jirgin ganguna da ake ja da waya, sannan awa uku kan hanyar da sawun giwaye ya faffasa. Kafin su iso tsando ya gama gaisawa da su. Yotamu kan tsaya a ƙofar sansani ya kalli yadda baƙo ke saukowa daga mota, ya ɗaga wa mai dafa abinci yatsu. Yatsa uku, wato kwana uku ƙafar wannan za ta yi kafin ta yi bororo. Da wuya ya kuskure.

A daji shi ne a gaba, ba ya riƙe bindiga. Abin da ke hannunsa sanduna uku ne ɗaure a kai. In an kai ga dabba ya kafa su, baƙo ya ɗora bindiga, shi kuma ya durƙusa ya riƙe ƙafafun sandunan da hannu biyu kada su motsa. Baƙo yana da abin toshe kunne, irin mai kama da faifai biyu. Bwana Dirk kan cusa yatsu a kunnuwansa, ni ma haka. Yotamu hannuwansa suna kan sanda, bakin bindiga kuma taƙi ɗaya daga kunnensa na dama. Duk muna gani. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kai.

Kuma a kan sawu ba a magana. Dokarsa ce, shi ya koya mana. Hannu a buɗe, a tsaya. Hannu ƙasa, a durƙusa. In na baya ya ga wani abu, ya ƙyasta yatsa ko ya yi siririn fito. A sansani ma ba mai surutu ba ne. A 'yan shekarun nan ya koma cin nsima, tuwon masararmu, shi kaɗai a gindin tsamiya, in ka yi masa magana ya ƙura wa bakinka ido, ya gyaɗa kai. Muka ce girma ne ya zo, madala, wato tsoho a yarenmu, ya zama mai jin kai.

A watan Oktoba ne, lokacin da zafi ke sa ƙarfen bindiga ya ƙona hannu. Baƙonmu wani likitan haƙori ne daga Amurka, Bwana Hollis, dattijo mai fara'a, ko da yaushe abin toshe kunnensa na rataye a wuya. Da hantsi muka samu wani tsohon ɓakane, wato namijin ɓauna, shi kaɗai a bakin tabki. Yotamu ya kafa sanduna. Baƙon ya harba, harsashi ya shiga ciki maimakon kafaɗa. Ɓakanen ya faɗa duhuwa.

Ba a barin ɓauna mai rauni. In ka bar ta, matar da ta zo ɗiban ruwa gobe ita za ta gamu da ita. Muka jira rabin awa, muka bar direba a mota, muka shiga: Yotamu a gaba, Fackson Nyendwa mataimakinsa na shekara ashirin a bayansa, sai Bwana Dirk, sai baƙo, sai ni.

Ɓauna mai rauni tana da dabara. Takan yi gaba, ta zagayo, ta laɓe a gefen sawunta tana jiran mai bi. Ido ba ya ganinta a duhuwa. Abin da ke tona ta shi ne carki, tsuntsun nan da ke cin kaska a bayanta. In mutum ya matso sai ya tashi yana carrr, carrr. Wannan ma Yotamu ya koya min, a makona na farko.

Mun yi kamar taku ɗari biyu sai carki ya tashi a hagunmu, kusa ƙwarai. Duk muka daskare. Har baƙon, da bai san komai ba, ya tsaya.

Yotamu ya ci gaba da tafiya. Kansa a ƙasa, yana nuna ɗigon jini da tsinke.

Fackson ya ƙyasta yatsa. Ya sake. Ya yi fito. Na ga ya waigo ya kalli Bwana Dirk, bakinsa a buɗe. Sai Bwana Dirk ya yi abin da ban taɓa jin an yi a kan sawu ba, ya kwarma ihu: "Yotamu! Hagu!"

Ihun ya kai gare shi, amma bai san daga ina ba. Ya juya dama. Ya ba ɓakanen baya.

Daji ya tsage. Fackson ya yi tsalle ya ture shi cikin ƙaya, ƙahon ya samu Fackson a cinya ya ɗaga shi sama. Bwana Dirk ya harba biyu, ni ma na harba ɗaya. Ɓakanen ya faɗi, goshinsa na taɓa sandunan da Yotamu ya yar.

Muka ɗaure cinyar da bel. Fackson yana ta zagi a bayan mota: "Madala, kai jaki ne? Carki yana kiranka da sunan ubanka kana karatun ƙasa!" Yotamu ya riƙe masa kai, yana kallon bakinsa. Awa ukun hanyar nan, da jan wayar jirgin ganguna, ban taɓa jin tsawonsu kamar ranar ba. Jirgin da ke kawo baƙi ya ɗauki Fackson zuwa asibiti. Washegari aka aiko ta rediyo cewa zai rayu, ƙafar ma ba za a yanke ba.

Da safiyar nan Yotamu na zaune a gindin tsamiya. Bwana Dirk ya lallaɓa ya tsaya a bayansa, duk sansani na kallo. Ya ƙyasta yatsa dab da kunnensa na dama. Shiru. Ya yi fito. Shiru. Mai dafa abinci ya saki ludayi ya dafe kai. Bwana ya zagayo gabansa ya tsuguna, ya ɗaga murya.

"Madala, tun yaushe?"

"Da farko na zaci tsuntsaye ne suka ƙaura daga kwarin nan," in ji Yotamu. "Na ce a raina, yawan sare itace ne. Har na yi musu baƙin ciki. Sai wata rana na ga kurciya a kan reshe, wuyanta na kumbura yana sacewa, ba komai da ke fitowa. Damina uku ke nan."

"Damina uku! Kana kai mu gaban zaki, damina uku?"

"Idona bai mutu ba, Bwana."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa in zama me? Mai gadin kaji?" Ya juyo gare ni. "Maman Dalitso, ke kin taɓa kirana a daji ban amsa ba?"

Ban taɓa kiransa a daji ba. Ba wanda ya taɓa. Shi ya hana.

Matarsa, Amai Tisauke, ta iso a kan keke da ta ji labari. Da aka gaya mata sai ta tafa hannu. "Ku ba ku sani ba? Ni shekara uku da ɓawon gyaɗa nake jifansa in abinci ya nuna. Na zaci ku masu bindigogi kun fi ni sani!"

Bwana Hollis yana tsaye a gefe, fuskarsa ta yi fari. Ya tambaya me ya jawo. Bwana Dirk ya ɗauki sandunan nan ya kafa, ya durƙusa kamar yadda Yotamu ke yi, ya nuna inda bakin bindiga ke zuwa. Shi kansa da ya durƙusa ya daɗe bai tashi ba.

"Ba za ka ƙara shiga gaba ba, madala," ya ce daga baya. "Rumfar fiɗa tana nan, in kana so."

Yotamu ya kalli bakinsa har ya gama. Bai yi musu ba. Ya miƙe ya karɓi sandunan, waɗanda shi ya saro su, ya shafa inda hannunsa ya goge su suka yi santsi, ya jingina su a ƙofar tantin Fackson. Sannan ya dawo ya tsaya gaban baƙon, ya nuna abin da ke rataye a wuyansa.

"Bwana Dirk, ni ba na jin Turancinsa. Ka roƙar min shi ya bar wannan in zai tafi. Fackson zai riƙe sanda in ya tashi. Don Allah ku sa masa a kunne."